Rantsuwar Inna a Barikin Magaria

Bana ruwa ya makara. Kullum ana kallon gabas, hadari ya haɗo ya yi baƙi kamar da gaske, iska ta zo ta watsa shi, kowa ya koma ya zauna. A cikin wannan zaman jira ne ɗana da matarsa suka hana gidan nan sakat da zancen dosiye, wato takardun 'yarsu, mai neman gurbi a makarantar koyon likita. Gurbin kaɗan ne, masu nema kuwa kamar fara. Yau a ce hoto bai yi ba, gobe a ce mai sa hannu ya yi tafiya. Shekaranjiya uwar yarinyar ta zauna gabana tana share hawaye, wai an rufe biro, wato ofishin, kafin layi ya zo kanta. Mota ta kai ta, mota ta dawo da ita, ta kuma tarar da tuwo da miya a gida, amma ban yi mata dariya ba. Na san abin da uwa kan bayar a irin wannan nema, don a gabana aka karɓi na tawa uwar, a wata damina da ta fara kamar ta bana.

Sunan da ke kan duk takarduna Habu ne, amma ba shi aka raɗa mini ba. Ni Ibrahim ne, Iro. Habu wana ne, ɗan farin Inna, ya girme ni da damina huɗu, yayata Hajo tana tsakaninmu. A ƙauyenmu na ƙasar Guci, zamanin Faransa, ba kai yaro lekol, makarantar Nasara, ake yi ba, kama shi ake yi. Sarki ya aiko wa maigari, maigari ya duba gidan da ba shi da mai tsaya masa. Gidanmu aka duba, aka rubuta Habu. Kafin a zo ɗaukarsa sanƙarau ya shigo gari da bazara, kwana uku ya tafi da shi.

Da gardi, dogarin bariki, ya iso, Baba ya ce masa yaron ya rasu. Gardin ya yi dariya, ya ce duk garin da ya shiga 'yan lekol sun rasu, amma da ya ɗaure uban a rana sai su tashi. Habu aka aiko shi ya kawo, kuma da Habu zai koma, ko da uban Habu. Ga shuka ta ƙarato, in aka tafi da Baba babu mai riƙe sungumi. Baba ya waiwaya ya gan ni a gindin rumbu, ya ce, “Ga shi nan.” Da ƙidaya ta zagayo, don mutanen gida su daidaita da littafi, ya ce wa mai rubutu ƙaramin ne ya mutu. Ka ji yadda aka yi a littafin Nasara Iro ya mutu, Habu yana raye yana koyon Faransanci.

Inna mace ce ta da, mai kunyar ɗan fari sosai. Tunda ta haifi Habu sunansa bai taɓa fita bakinta ba, sai dai “yaron nan”. Ba ta goya shi a gaban mutane ba, ranar da ya rasu ma ba a ga hawayenta ba, turmi ta jawo ta yi ta daka har hannunta ya fashe. Duk son da al'ada ta hana ta nuna masa, a kaina ta juye shi. Ni kam sunana ba ya hutawa a bakinta. Daga bakin rijiya za ta kira, “Irooo,” ta ja shi har maƙwabta su ce, to, mai ɗa ta fara. Wata tara ina Habu a lekol, ranar da na dawo hutun damina tun daga ƙofar gida take mayar mini da sunana, kuma ba ni da abin da ya fi wannan daɗi a duniya.

Karatu ya karɓe ni, da farko don tsoron bulala, daga baya don na ji gishirinsa. Daga Magaria aka tura ni Damagaram, daga can Yamai. A shekarar ƙarshe muka zauna konkur, wato gasar shiga babbar makarantar da ke bakin teku a ƙasar Senegal, inda ake fitar da likitoci da manyan malamai. Duk ƙasashen da ke hannun Faransa suna turo nasu, waɗanda ake ɗauka daga tamu ƙasa kuwa ba sa cika yatsun hannu. Na rubuta abin da na sani, na hau motar gyaɗa na taho gida jiran sakamako.

Na tarar an yi shuka sau biyu. Ta farko an yi binne, an zuba iri a busasshiyar ƙasa ana sa rai, yayyafi ya sauka ya tsirar da shi, rana ta ƙone. Ta biyu da irin da Inna ta ɓoye a tulu aka yi ta, kuma shi ne ƙarshen geron gidan. Rumbu in ka leƙa sai zafi ya bugi fuskarka, ko ɓera ya yi ƙaura. Da asuba mukan fita ni da Baba da Hajo da hauya, cikinmu babu komai sai ruwan dusa mai tsami. Hantsi na yi jigawa ta ɗau zafi, ƙafa ba ta iya tsayawa wuri guda. Inna takan bi fadama ta tsinko tafasa da rama, ta dafa ta matse, ta barbaɗa ɗan ƙuli-ƙuli in an samu. Cinsa ake yi ciki ya kumbura, yunwar tana nan zaune a ƙarƙashi. Takan ce ta ci nata a wurin girki, ni kuma sakarai ina yarda, don wanda yake jin yunwa ba ya bincike.

Ruwa na gaske ya sauka ranar wata Laraba da la'asar. Ƙamshin ƙasar nan har yau yana hancina. Mata suka fito da ƙorai, Baba ya tsaya a tsakar gida ruwa na dukansa yana ta hamdala. Kwana huɗu gero ya miƙe, ciyawa kuma ta miƙe fiye da shi, don ita ba ta jiran a roƙe ta. Duk manomi ya san kwanakin nan: wanda ya bari ciyawa ta riga shi, ya gama noman shekara. A cikinsu ne manzon sarki ya kawo takarda daga direktanmu na Yamai.

A gona na karanta ta. Na ci konkur. Amma shekarun da ke takardata, wato shekarun Habu, sun haura ƙa'idar makarantar da biyu. In ban kawo hukuncin kotun Magaria da ya gyara shekarun ba kafin a kwashi ɗalibai a ƙarshen damina, za a ba na bayana gurbin. Kayan aro dai ba ya rufe katara, ranar nan na gane.

Na fassara wa Baba. Ya jingina da hauyarsa ya ce, “Wannan gari, ya fi Makka nisa?”

Na ce ban sani ba, amma ana wata a hanya.

“In an gama, me ake zama?”

“Lokotoro, Baba.”

Ya ce, “Irin wanda ya san maganin sanƙarau?”

Na ce har da shi. Bai ƙara tambaya ba. Mutumin da ya miƙa ni ga lekol don ya tsira da gonarsa, shi ne ya saɓa hauya a tsakiyar noma ya ce wa Hajo ta yi iyakar abin da za ta iya.

Tafiyar kwana biyu ce a ƙafa zuwa Magaria, akan kwana a Dungas. Baba ya rataya zakaran gidan, wanda yunwa ma ba ta sa an yanka ba. A bariki muka zauna gindin itacen bedi kwana uku, cikin masu ƙarar gona da masu ƙarar shanu, ba wanda ya ce mana kanzil. Baba bai san ƙofar da ake shiga ba, duk mai wando ya wuce sai ya tashi ya durƙusa, har da mai shara. Ni da Faransancina cike da baki na kasa amfana masa komai, don ɗan lekol a bariki yaro ne kawai. Rana ta uku zakara ya yi aikinsa, tafinta ya kira mu bayan gini. Dattijo ne mai furfura, ba mugu ba. Baba ya gaya masa gaskiya tun daga farko.

Tafinta ya riƙe baki. “Malam, ka rufa wa kanka asiri, kada wannan magana ta shiga kunnen kwamanda. In ka ce yaron nan Iro ne, to Iro bai taɓa shiga lekol ba, wanda ya ci konkur yana kabari. In ka ce Habu ne, ya tsufa. Hanya ɗaya ce. A ce mai rubutu ne ya juya sunayen: babban da ya rasu shi ne Iro, ƙaramin da ke raye shi ne Habu.”

Baba ya ce, “Ai kusan gaskiyar ke nan. Babban ne ya rasu, ƙaramin ne wannan.”

“To ka gani. Sai dai wannan kwamandan ya gaji da shaidun goro. Uwa yake so, ta zo da kanta ta dafa Alƙur'ani a gaban alƙali.”

Muka dawo muka tarar ciyawa ta shanye gefen gona na yamma, Hajo ta rame kamar kara. Bayan sallar la'asar Baba ya zaunar da Inna ya yi mata bayani, yana ta zagaye-zagaye. Ta bar shi ya gama.

“Malam, so kake in dafa Littafin Allah in ce Iro ya mutu? Ga shi zaune yana jina?”

“Suna ne kawai, uwar Hajo. Ni ma ai na faɗa wa mai rubutu tun tuni, me ya same shi?”

“Kai Nasara ka faɗa wa. Ni Allah za a sa in faɗa wa. Kuma bakin uwa ba bakin uba ba ne.”

Ta tashi ta koma wurin tukunyarta. Baba ya bi ta da lallashi kwana biyu, ya kawo mata limamin gari, ya kawo mata yayanta. Ta ce a nemi wata hanya, ko akuyarta ce a kai wa tafinta. Amma babu wata hanyar.

Nan ne na yi abin da har gobe in na tuna nake jin kunyar kaina. An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Ban yi fushi da gardi ba, ban yi fushi da masu ƙa'ida ba, da Inna na yi. Na daina cin abinci. A shekarar da mutane ke tonon gidan tururuwa neman tsaba, ni ina ture akushi da ƙafa. Ta kawo ta ajiye, “Iro, ci mana,” in juya mata baya. Rana ta uku ta durƙusa kusa da ni da ɗan kunun da ban san inda ta samo garinsa ba. Na dube ta na ce, “Kun binne ni sau ɗaya don gona. Yanzu ke za ki sake binne ni don tsoro.”

Ta ajiye ƙwaryar, ta ɗauki zanenta na fita ta tafi rijiya ta wanke shi, ta shanya a kan dangar kara. Da ta dawo ta ce wa Baba, “Gobe in an yi sallah.” Ni kuwa na shanye kunun tas, har ina jin na yi nasara.

Marka ta riga ta kama. Sama ta yi ta zuba ba ƙaƙƙautawa, irin ruwan da ba ya tsawa, sai dai ya jiƙa mutum har ƙashi. Fadamun da muka taka a bushe sun cika, wani wurin ruwa har ƙugu. Inna ba ta taɓa wuce kasuwar Guci ba. Tana tafe a bayanmu, zanen fitar a naɗe cikin ƙwarya bisa kai don kada ya jiƙe, kaushin ƙafarta ya tsage yana jini. Guzurinmu dafaffiyar tafasa ce da ta fara tsami. Duk tsawon hanyar nan ba ta bar sunana ya huta ba. Iro, bi a hankali da santsi. Iro, ka ga gonar mutanen nan ta yi kyau. Iro, ƙaya ce? Har na gaji na ce, “Inna, ai ina jinki.” A lokacin na ɗauka surutun tsoro ne.

Ɗakin shari'ar yana warin jiƙaƙƙen kaya da taba. Kwamanda na zaune bayan tebur, jajir, littafin ƙidaya a buɗe gabansa. Alƙali yana gefe a kan buzu, tafinta a tsaye. Aka sa Inna ta yi alwala a waje, ta shigo ta durƙusa, ta ja mayafi har goshi. Alƙali ya buɗe gafaka ya ajiye Alƙur'ani a gabanta, ta ɗora hannu.

Kwamanda ya yi magana. Ni na ji kafin a fassara. Tafinta ya juyo ya ce, “Iya, wai ki faɗi sunan ɗanki na fari.”

Mutanen da ke bakin ƙofa suka yi salati ƙasa-ƙasa. Ko mahaukaci ba ya yi wa mace wannan tambaya a ƙasarmu. Alƙali ya gyara zama ya ce a gaya wa kwamanda mata ba sa faɗin sunan ɗan fari, a bar mijinta ya faɗa ta gyaɗa kai. Kwamanda ya buga alƙalami a tebur ya ce shi bai zo sauraron gyaɗa kai ba.

Ruwa na ta ɗiga daga indararo. Inna ta ce, a hankali, “Iro.”

“Wai ina yake yanzu?”

Ina tsaye taku uku daga inda take. Ba ta dube ni ba. “Iro ya rasu.”

“Wai ki ɗaga murya, bai ji ba.”

“Iro ya rasu. Sanƙarau ne, da bazara.”

“Wannan na tsaye fa, shi ne Habu, ƙaninsa?”

Ta ce, “Shi ne.”

Shi ke nan. Duka abin bai kai tsawon sallar azahar ba. Aka rubuta, aka manna tambur, kwamanda ya sa hannu yana hamma, ya ce mini da Faransanci in yi ƙoƙari in fid da ƙasata kunya. Baba ya ninke takardar ya sa cikin hula, ya mayar da hular ya danne da hannu, kuma haka ya riƙe kansa har gida.

A hanyar dawowa ni kaɗai nake zuba, ina ba su labarin teku da jirgin ƙasa waɗanda ni ma ban taɓa gani ba. Bayan mun wuce Dungas wata mata ta ba Inna tumu guda ɗaya, sabon gero gasasshe, na farko da muka gani a shekarar. Ta murje shi a tafin hannu, ta hure ƙaiƙayin, ta miƙo mini. “Kai, ungo.” Na karɓa na watsa a baki. Sai da muka yi nisa na lura tun fitowarmu bariki ban ji sunana ba.

Gonar ta ba da abin da ta ga dama. Gefen yamma ƙarangiya muka girbe, sauran ya yi ɗan abin da ba zai kai gidan bazara ba, kuma kowa ya sani, ba wanda ya ce saboda ni ne. Kwanakin da suka rage mini Inna ta yi ta hidimata, ta ɗinke mini riga, ta daka mini ɗan gari daga sabon geron da ya kamata a adana. Amma “kai” ne, “yaron nan” ne. Na ce gajiya ce, za ta wuce. Baba da Hajo ma suka bi sahunta, don ta roƙe su.

Ranar tafiya da hantsi na shiga ɗakinta sallama. Na durƙusa, ta sa mini albarka mai tsawo, babu suna a ciki. Na kasa daurewa.

“Inna, fushi kike da ni?”

“Wane irin fushi?”

“To ki kira ni mana. Sau ɗaya, in tafi da shi.”

Ta dubi ƙofa, ta rage murya kamar akwai mai saurare. “Na dafa Littafi na ce mai sunan nan ya mutu. Rantsuwa ba ta faɗuwa ƙasa banza, tana nan tana yawo tana neman mai shi. Muddin ban kira ka amsa ba, ba ta san ko wane ne ba. Ɗayan sunan kuwa ka san ba ya fita bakina.” Ta gyara mini wuyan riga. “Tashi ka tafi, rana na yi.”

Na fito ina kuka kamar ɗan yaye, Baba yana gaba da akwatina a ka, bai waiwayo ba. Sai a lokacin na gane abin da take yi a hanyar Magaria cikin ruwan nan. Ta san kiran ƙarshe ne.

Na yi karatun, na zama likitan. Na yi aiki a garuruwa da yawa, na ga shekarun sanƙarau, na tsamo 'ya'yan mutane da dama, wasu kuma suka fi ƙarfina. Da na fara aiki na kawo mata malamai har uku, suka ce rantsuwar tilas ce, ta yi kaffara ta huta, babu abin da zai sami kowa. Ta saurare su da ladabi, ta yi azumin, ta ciyar da miskinai, ta yi musu godiya. Ba ta sake ba. Na yi lallashi, na yi zolaya, wata rana har na yi faɗa na ce camfi ne, ni da na karanta jikin mutum ciki da waje. Ta ce to, Allah ya ƙara sani.

Ta yi shekara talatin a duniya bayan wannan damina, goman ƙarshe a gidana, gwiwoyinta sun ƙi. In tana son magana da ni ina can ƙarshen tsakar gida na ba ta baya, ba ta ɗaga murya. Sai ta dafa bango ta miƙe, ta tako a hankali har inda nake, ta taɓa kafaɗata.